Yadda Za Ka Bi Sawun Sauti Daga Maƙogwaro Har Ƙwaƙwalwa

Kalmar "ji" tana ɗauke da kaya mai yawa a Hausa. Ka ji magana, ka ji zafi, ka ji sanyi, ka ji an taɓa ka. Wanda ya fara haɗa jin kunne da jin jiki a kalma ɗaya ya dace da gaskiya, domin jin sauti shi ma taɓawa ce. Wani abu ne ya motsa can nesa, ya ture iskar da ke gefensa, ita kuma ta ture ta gaba da ita, har turin ya iso ya taɓa wani siririn tantani a cikin kanka. Wannan tafiyar za mu bi daga farkonta, kuma a kowane zango akwai gwajin da za ka yi da hannunka. Ina roƙonka ka yi su, kada ka tsaya ga karantawa, don gani ya kori ji ko da a kan maganar ji ake.

Ka tanadi rula, da robar ɗaure kaya, da kwano, da leda, da ɗan busasshen yashi, da zare, da cokalin ƙarfe, da kwalba, da agogon wayarka. Wasu gwaje-gwajen suna buƙatar mutum na biyu.

Mataki na farko: taɓa sautin

Ɗora yatsu uku a maƙogwaronka a hankali, ka ce "aaa" ka ja shi. Za ka ji karkarwa a ƙarƙashin yatsun. Yanzu ka ce "sss". Karkarwar ta ɗauke. Kada ka motsa bakinka, ka mayar da shi "zzz", sai ga ta ta dawo. Abin da kake taɓawa wasu tantani biyu ne a cikin maƙogwaro, waɗanda iskar huhu take buɗewa suna rufewa da sauri. A maganar babban namiji suna yin haka sau 100 da ɗoriya a kowane sakan, a ta mace kusan sau 200, a ta yaro fiye da haka. Shi kuwa "sss" ba ruwansa da su, iska ce take hargitsewa tsakanin harshe da haƙora.

Sai ka ga sautin da idonka. Shimfiɗa leda a bakin kwano, ka ja ta ta yi tauri kamar fatar ganga, ka ɗaure da roba. Barbaɗa yashi kaɗan a kai. Kawo bakinka gefen kwanon, ba tare da ka hura yashin ba, ka yi "mmm" da ƙarfi, kana ɗaga muryar kana saukewa. A wani wuri yashin zai zauna shiru, sai ka iso wata murya da zai fara tsalle kamar an zuba shi a kan garwashi, ya gudu daga wasu wurare ya taru a wasu. Babu abin da ya taɓa ledar sai iska. Wani Bajamushe mai suna Ernst Chladni ya wallafa irin wannan gwajin a 1787, sai dai shi farantin ƙarfe ya barbaɗa wa yashi yana goga gefensa da bakan goge, yashin yana tsara zane iri-iri. Inda yashin ya taru, nan ne farantin ba ya motsi.

Duk wani sauti da ka taɓa ji daga girgiza ya fito. Idan ka dafe abin da ke girgizar, sautin ya mutu nan take.

Mataki na biyu: gano abin da ke ɗaukarsa

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna zaton iskar da ta fito daga bakin mai magana ita ce take tafiya har kunnen mai sauraro. Da haka ne, da kowace hira guguwa ce. Ka ɗauki mutane a tsaye cikin dogon layi, ƙirjin wannan a bayan wancan. Na ƙarshe ya ɗan ture na gabansa ya koma inda yake, wancan ma ya ture na gaba ya koma. Turin zai kai har bakin layi, amma babu wanda ya bar wurinsa. Haka ƙwayoyin iska suke yi: su matsu, su sake, su matsu, su sake. Wannan jerin matsuwa da sakewa shi ake kira igiyar sauti.

Ke nan inda babu abin da za a tura, babu sauti. A 1660 Robert Boyle ya ba da labarin gwajin da ya yi a Ingila: ya rataye agogo cikin tulun gilashi, ya yi ta zuƙe iskar da famfo, bugun agogon yana dusashewa har ya daina jinsa, alhali agogon yana aiki. Da ya bar iska ta koma, sai ƙarar ta dawo. Shi ya sa sararin samaniya yake tsit.

Iska ma ba ita ce gwanar ɗaukar sauti ba. Yanki zare mai tsawon kusan mita ɗaya, ka ɗaure cokali a tsakiyarsa. Naɗa kowane bakin zaren a ɗan alinka, ka toshe kunnuwanka da yatsun a hankali, ka sunkuya cokalin yana reto, ka bar shi ya bugi gefen tebur. Wanda ke kusa da kai "ƙwal" kawai zai ji. Kai kuwa za ka ji amo mai zurfi, mai daɗewa, kamar na babbar ƙararrawa. Girgizar ta bi zare ta shiga yatsa da ƙashi, ba ta watse cikin ɗaki ba.

A cikin iska mai ɗumin digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, sauti yana cin mita 343 a sakan. A cikin ruwa ya kusa mita 1,500, a cikin ƙarfe ya haura 5,000. An fara auna gudunsa a ruwa da kyau a 1826, a tafkin Jeniba na Suwizalan. Daniel Colladon da Charles Sturm suka sa jiragen ruwa biyu nesa da juna, aka buga ƙararrawa a ƙarƙashin ruwa daidai lokacin da aka kunna albarushi a sama. Wanda ke ɗaya jirgin ya ga hasken, ya fara ƙirga, kunnensa a bakin bututun da ya tsoma cikin ruwa. Suka sami mita 1,435 a sakan, abin da bai yi nisa da wanda na'urorin yau suke nunawa ba.

Mataki na uku: auna gudunsa da kanka

Hanya mafi sauƙi ita ce lokacin hadari, kana cikin gida. Da ka ga walƙiya ka fara ƙirga sakan har ka ji tsawa. Haske yana cin kilomita 300,000 a sakan, don haka ka ɗauka ya iso nan take. Raba abin da ka ƙirga da uku, ka sami nisan a kilomita. Sakan tara, kilomita uku ke nan.

Hanya ta biyu ta fi daɗi, don kai ne za ka fitar da lambar. Nemi doguwar katanga mai fili a gabanta, ka auna mita 50 daga gindinta, ka tsaya. Tafa hannu sau ɗaya ka saurari amsa-kuwwa. Sai ka fara tafi a jere, kana daidaita saurin har amsar ta riƙa faɗowa daidai tsakiyar tafi biyu: tafi, amsa, tafi, amsa, kamar tafiyar agogo. Sai ka yi haƙuri, yakan ɗauki minti biyu ko uku kafin hannu ya kama. Da ya daidaita, abokinka ya danna agogo a kan wani tafi yana cewa "sifili", ya tsayar a na 20. Tsakanin tafi da tafi akwai lokacin da zai ishi sauti ya je ya dawo sau biyu, wato mita 200. Sau 20 ya zama mita 4,000. Raba 4,000 da sakan ɗin da agogo ya nuna. Idan ya nuna wajen 11 da rabi zuwa 12, za ka sami amsa kusa da 340. Ka maimaita sau uku ka ɗauki matsakaici. Idan rana ta yi zafi lambar za ta ɗan hau, domin kowane digiri ɗaya yana ƙara wa sauti kusan rabin mita da ɗan abin kai a sakan.

Me ya sa ba ka jin amsa-kuwwa a ɗakinka? Tana nan, sai dai tana dawowa da wuri ƙwarai. Kunne yana buƙatar tazarar kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan kafin ya raba sauti biyu, wato bango mai nisan mita 17 ko fiye. Abin da ya gaza haka sai ya narke cikin muryar ya ƙara mata cika, shi ya sa ɗakin da aka kwashe kayansa yake amo.

Mataki na huɗu: siriri da kauri

Danne rula a bakin tebur da tafin hannu, ka bar rabinta a waje, ka taɓa bakinta ka saki. Za ka ga girgizar da ido, sautin kuma mai kauri ne. Janye ta ciki kaɗan-kaɗan kana sake bugawa. Girgizar tana ƙara sauri har ido ya kasa binta, sautin yana sirancewa. Yawan girgiza a sakan shi ne yake yanke ko sauti siriri ne ko mai kauri. An sa wa ma'auninsa sunan Heinrich Hertz, za ka gan shi a jikin na'urori an rubuta Hz.

Mai jin Hausa gwani ne a wannan fanni tun kafin ya shiga aji. Ka ce "wuya" na jiki, sannan ka ce "wuya" ta wahala. Baƙaƙe da wasulan ɗaya ne. A ta farko muryarka daga sama ta sauko, a ta biyu daga ƙasa ta hau. Ka mayar da yatsu maƙogwaro ka faɗe su a hankali: tantanin nan biyu ne kake ɗaurewa kana sassautawa, kunnen mai sauraro kuma yana auna saurin girgizarsu cikin ƙiftawar ido ya fitar da ma'ana.

Kunnen matashi mai lafiya yana kama daga girgiza 20 zuwa 20,000 a sakan. Kare yana jin fiye da ninki biyu na wannan iyaka ta sama, wasu jemagu sun haura 100,000, giwaye kuwa suna kiran juna da gurnanin da ke ƙasa da 20. Tsawon igiyar ma ya bambanta ƙwarai: ta mafi kaurin sautin da muke ji ta kai mita 17, ta mafi siriri ba ta kai santimita biyu ba. Doguwar igiya tana zagaye kusurwa tana ratsa bango, gajeriya kuwa da wuri ake tare ta. Wannan ne dalilin da ya sa idan ana kiɗa a nesa "dum dum" kawai yake iso maka, har ka ji shi a ƙirji.

Ga wata 'yar tambaya da kwalba. Zuba ruwa zuwa rabi, ka hura bakinta, sannan ka ƙwanƙwasa gefenta da cokali. Ƙara ruwa ka sake. Sautin hurawa ya sirance, na ƙwanƙwasawa ya yi kauri. Dalili shi ne abin da ke girgiza ya bambanta. A hurawa iskar cikin kwalba ce, ga shi ta ragu. A ƙwanƙwasawa gilashin ne da ruwan, ga shi sun yi nauyi.

Kana iya gane muryar mahaifiyarka ko da ita da wata suna magana a kan kauri ɗaya, saboda babu muryar da take girgiza guda tak. Idan tushenta girgiza 200 ne a sakan, tana ɗauke da 400 da 600 da 800 har sama, kuma siffar maƙoshi da baki da hanci ita take zaɓar waɗanda za su yi ƙarfi. Riƙe murya ɗaya ka bi "a, e, i, o, u". Maƙogwaro bai canza komai ba, baki ne yake ta sauya wannan gaurayen.

Jiniyar motar asibiti kuma, da take siririya tana tahowa ta yi kauri da ta wuce, tana matse igiyoyin gabanta ne tana miƙe na bayanta. Christian Doppler ya bayyana haka a 1842, aka gwada a Holan a 1845 da masu busa a kan jirgin ƙasa.

Mataki na biyar: koyi karanta desibel

Ja robarka kaɗan ka saki, sannan ka ja ta da yawa ka saki. Kaurin sautin kusan ɗaya ne, ƙarfin ne ya bambanta, don faɗin girgizar ya ƙaru. Ana auna wannan da desibel, daga sunan Alexander Graham Bell. Sifili shi ne mafi ƙanƙantar abin da lafiyayyen kunne yake kamawa. Raɗa wajen 30, hira wajen 60, titi mai cunkoson motoci 80 zuwa 85, daga 120 zuwa sama kunne ya fara zafi.

Ka tsaya a nan ka fahimci abu ɗaya, don shi ne yake ruɗin mutane. Desibel ba ya hawa kamar mita ko kilo. Ƙarin 10 yana nufin ƙarfin ya ninka sau goma, ƙarin 20 sau ɗari. Ƙarin 3 kacal ninki biyu ne. Amma kunne ba haka yake kawo rahoto ba: sai an ƙara kusan 10 kafin ka ce ƙarar ta ninka. Ke nan lokacin da ka ji kamar ka ɗan ƙara, nauyin da ka ɗora wa kunnenka ya ninka sau da yawa. Tsakanin sifili da 120 akwai ninki tiriliyan ɗaya, duk ƙaramar gaɓa ɗaya take ɗauka.

Sauke manhajar auna ƙara a wayarka. Ba ta kai na'urar ƙwararru ba, amma za ta nuna maka bambanci. Kunna rediyo a fili, ka auna a mita ɗaya, sannan biyu, sannan huɗu. Duk sanda ka ninka nisa, ya kamata lambar ta ragu da kusan 6. Matsawa baya kariya ce babba, kuma ba ta buƙatar komai.

Mataki na shida: bi shi cikin kunne

Fara da fatar kunne. Lanƙwashe-lanƙwashenta suna da aiki, suna sauya sauti gwargwadon inda ya fito, gaba ko baya, sama ko ƙasa. Kunna famfo, ka kafa tafin hannu a bayan kunnenka ka ji yadda "shhh" ɗin ruwan ya ƙaru. Daga nan sauti ya shiga kafar kunne, mai zurfin kusan santimita biyu da rabi. Wannan tsawon yana ƙara wa sautukan da ke wajen girgiza 3,000 ƙarfi, inda muka fi ji ke nan, kuma inda baƙaƙe da yawa na magana suke.

A ƙarshen kafar akwai dodon kunne, tantani mai faɗin kusan santimita ɗaya, kaurinsa kamar na takarda. Shi ne ledar kwanon nan taka. Bayansa wani ɗan ɗaki ne mai iska, da ƙasusuwa uku a sarƙe: guduma, da maƙera, da likkafa, kowanne an sa masa sunan abin da ya yi kama da shi. Likkafa ce mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin ɗan Adam, tsawonta kamar milimita uku.

Me ya kawo wannan sarƙar? Domin kunnen ciki cike yake da ruwa, kuma sauti ba ya son tsallakawa daga iska zuwa ruwa. Idan ka taɓa nutsar da kanka ana magana a waje ka san haka: kusan duk ƙarfin komawa baya yake yi daga saman ruwan, abin da ke shiga bai wuce ɗaya cikin dubu ba. Sai ƙasusuwan nan suka tattara turin da ya sauka a kan faɗin dodon kunne, suka zuba shi a ƙaramar tagar da likkafa take dannawa, matsin ya ninka kusan sau 20. Ka danna tafin hannunka da bayan fensir, sannan da tsininsa, da ƙarfi iri ɗaya, za ka gane dabarar.

Ɗan ɗakin nan na bayan dodon kunne yana da bututu da ya sauka zuwa bayan hanci. Haɗiyi yawu ka saurara, za ka ji "ƙas" a kunne. Bututun ne ya buɗe don iskar ciki ta daidaita da ta waje. Idan mura ta toshe shi, dodon kunne ya kasa rawa yadda ya kamata, sai ka ji duniya ta yi maka nisa.

Yanzu mun iso inda na fi so. Likkafa tana dannawa ne a ƙofar wani bututu da ya naɗe kamar katantanwa, naɗi biyu da rabi da ɗan abin kai, duk girmansa bai wuce kan ƙaramin yatsa ba. Da za a warware shi zai kai kusan milimita 35. A tsawonsa akwai wani tantani wanda bakinsa na ƙofa siriri ne mai tauri, yana faɗaɗa yana laushi zuwa can ƙurya. Ka tuna rular: gajere mai tauri yana girgiza da sauri, dogo mai laushi a hankali. To haka ne a nan. Siririn sauti yana kaɗa bakin ƙofa, mai kauri sai ya shige ƙurya. Kowace murya da mazauninta. Georg von Békésy, haifaffen Hangari, shi ya leƙa ya ga wannan igiyar tana tafiya, aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1961.

A kan tantanin akwai ƙwayoyin halitta masu gashi a kansu, a jere cikin sahu huɗu. Sahun ciki, wajen 3,500, su ne masu kai rahoto. Idan gashinsu ya ranƙwafa, wasu ƙananan ƙofofi suna buɗewa, motsi ya koma saƙon lantarki, ya bi jijiyar ji mai zare kusan 30,000 zuwa ƙwaƙwalwa. Sahu ukun waje, wajen 12,000, aikinsu ya fi ban mamaki: suna miƙewa suna tsukewa daidai da sautin, suna ƙara wa ƙaramar girgiza ƙarfi. Har kunne yakan fitar da ɗan sauti nasa saboda motsinsu. David Kemp ya gano haka a Landan a 1978, kuma da shi ake gwada jin jarirai yau: a sa 'yar na'ura a kunnen jariri yana barci, a aika sauti, a saurari ko katantanwar za ta amsa.

Mataki na bakwai: gwada aikin ƙwaƙwalwa

Zauna ka rufe ido, abokinka ya riƙa ƙyasta yatsa a wurare daban-daban, kana nuna inda ya fito. Dama da hagu ba za ka kuskure ba. Amma idan ya yi a daidai gaban hancinka, ko ƙeya, ko tsakar ka, za ka fara ruɗewa, kuma za ka ga kana juya kai ba tare da ka shirya ba. Ƙwaƙwalwa tana gwama kunnuwan biyu ne: wanne sauti ya riga isa, kuma a wanne ya fi ƙarfi. Tazarar ko ta yi yawa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na sakan ba. Toshe kunne ɗaya ku sake, ka ga halin da mai kunne ɗaya yake ciki a tsakiyar taro.

Sai gwajin da nake so ka riƙe. Yi "mmm" a hankali, kana cikin yi ka toshe kunnen dama. Sautin zai koma dama, ya ƙara ƙarfi. Muryarka tana isa katantanwa ta hanya biyu, ta iska da ta ƙashin kai, kuma ƙashi ya fi isar da ɓangaren mai kauri. Shi ya sa idan ka ji muryarka a waya take zame maka baƙuwa, siririya. Wannan ita ce wadda kowa ya san ka da ita.

Mataki na takwas: tsare ƙwayoyin nan

Ƙwayoyin gashin da aka haife ka da su, su ke nan. Tsuntsaye da kifaye suna sake tsiro da nasu idan sun lalace, ɗan Adam ba ya yi. Kuma mutuwarsu ba ta zafi. Na bakin ƙofa, masu siririn sauti, su suke fara tafiya, ko da tsufa ko da hayaniya, kuma ɓarnar hayaniya takan fara bayyana wajen girgiza 4,000. A wannan sashe na sama ne "s" da "f" da "sh" da "ts" suke. Don haka mutum ba ya cewa ya kurumce. Cewa yake yi yana jin ana magana amma ba ya ganewa, ko mutane sun daina buɗe baki. Idan kana da irinsa a gida, kada ka yi masa tsawa. Fuskance shi, ka rage hayaniyar wurin, ka yi magana dalla-dalla.

Ɓarna tana zuwa ne daga ƙarfi da kuma daɗewa. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suke bayarwa ita ce awa takwas a desibel 85, kuma duk ƙarin 3 a raba lokacin biyu: awa huɗu a 88, biyu a 91, ɗaya a 94, minti 15 kacal a 100. Iyafis ɗin waya idan an ƙure shi yana iya kaiwa 100 ko ya wuce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro, kuma shawararta kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar na'ura.

Idan ba ka da abin aunawa, miƙa hannunka. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke iyakar hannun ya ji ka, wurin ya isa ya cuce ka. Ka matsa nesa da lasifika ko inji, ka riƙa fita kana hutar da kunne, ka sa abin toshe kunne. Irin na soso sai ka murza shi ya sirance, ka zagayo da ɗaya hannun ta bayan kai ka ja fatar kunne sama, ka zura shi, ka riƙe har ya kumbura. Auduga ba ta tare komai na kirki. Idan ka fito daga wuri kunnenka yana "tiii" ko ya yi dum, ƙwayoyin sun sha wuya ke nan, ko da ya warware da safe.

Kada ka zura tsinke, ko da mai auduga a ka. Dauɗar kunne kariya ce, kuma kafar tana turo ta waje da kanta. Tsinke cusa ta ciki yake yi, wani lokacin ya huda dodon kunne. Kunnen yaro da ke zubar ruwa na likita ne. Don gwada kanka lokaci-lokaci akwai manhajar hearWHO, wadda take karanto lambobi cikin hayaniya kana dannawa.

Idan ka wayi gari kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, yi gwajin "mmm" ɗin nan ba tare da ka toshe komai ba. In sautin ya karkata zuwa kunnen da ya ɗauke, mai yiwuwa wani abu ne ya tare hanya, kamar dauɗa ko ruwa. In ya gudu zuwa lafiyayyen kunnen, ana zargin katantanwa ko jijiya, kuma maganin irin wannan ya fi aiki a kwanakin farko. Ko ta ina ya karkata, ka je wurin likita a ranar, ka gaya masa lokacin da abin ya fara da kuma ɓangaren da ka ji sautin.